Ranar da Baba Ya Daina Kiran Sunana

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu leƙowa wannan shafi. Yau labarin kwanakin Babbar Sallar shekarar 2009 zan ba ku, amma bari in fara zaunar da kowa a wurinsa, don wanda bai san mu ba kada ya ruɗe.

Ni ce Najiba, haifaffiyar Tudun Wadan Zariya. A lokacin shekarata ashirin da shida, na gama digiri na biyu a kan ƙididdigar lafiyar jama'a a wata jami'a da ke Washington. Ina da sakamako mai kyau, ina da lafiyata, ina da wanda nake so. Aiki ne ba ni da shi. Ɗalibin da ya zo daga waje kuwa, in ya gama karatu, zamansa a ƙasar nan a jikin aikinsa yake rataye. Ana ba shi shekara guda ya yi aiki a fanninsa, amma in ya tara kwana casa'in a zaune, sai ya haɗa akwatinsa.

Anti Hasiya ƙanwar mahaifiyata ce, ma'aikaciyar jinya, kuma a gidanta nake zaune a Mitchellville. Gida ne hawa biyu, da labule ruwan zuma da kujerun da ba a zama a kansu sai an yi baƙi. Mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Kafin in zo, in ta dawo daga asibiti ta yi sallama, ita ce ke amsa wa kanta.

Khalil shi ne wanda nake so. A Maryland aka haife shi, injiniyan gadoji ne, dogo, mai saurin dariya. Yana jin Hausa tas, amma in zai mayar sai ta fito masa a karkace, don haka yakan gudu zuwa Turanci. Kullum da rana sai ya turo min saƙo a BlackBerry: “Kin ci abinci?” Ita ce jimlar da ya tabbata ba ya kuskure a cikinta. Abin da shi ya rasa ban gane shi da wuri ba, za ku gani a gaba.

Sai mahaifinsa, Dakta Maitama, Bafulatanin Gombe, shekararsa talatin a Amurka, shugaban wani ƙaramin ɗakin bincike a Beltsville. Shi kam da an tambaye ni a lokacin me ya rasa, da na ce babu.

A hannun Dakta na koyi aiki. Shekara biyu ina zuwa wurinsa tun ina ɗaliba, da na gama kuma ya ɗauke ni cikakkiyar ma'aikaciya. A rana sai ya kira sunana sau goma. Najiba, zo ki duba wannan jadawalin. Najiba, wa ya ce miki a amince da lambar da ba a bi asalinta ba? Ya taɓa rubuta min takardar neman tallafin karatu, shafi biyu cur, na karanta na rasa inda zan sa kaina don kunya. A nan ne ma na haɗu da Khalil, ranar da motar Dakta ta ƙi tashi ya zo ɗaukarsa.

A watan Satumba tallafin da ke riƙe da sashenmu ya yanke, kamar yadda abubuwa suka riƙa yankewa a wannan shekarar. Aka sallame mu mu huɗu. Na ce zan ci gaba da zuwa a kyauta, aka ce doka ba ta yarda mutum ya yi a kyauta aikin da jiya ake biyansa ba. A ranar na sayi kalanda na manna a jikin firij, na fara soke kwanaki da jan biro.

Mako biyu bayan haka, bayan ƙaramar Salla, ƙannen Dakta suka tashi daga Gombe suka je Zariya neman aurena. Aka ba su, aka raba goro, aka sa rana watan Yuli mai zuwa. Da na je gaishe da su Dakta a gidansu na Beltsville a ƙarshen makon, na durƙusa a bakin falo na ce, “Baba, ina wuni.” Bai ɗago daga jaridarsa ba. Ya amsa a taƙaice, ya juya wajen matarsa, Hajiya Mairo, ya ce a ba yarinyar nan ruwa.

Daga ranar bai ƙara kiran sunana ba.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. A mota Anti Hasiya ta ce min Fulanin asali ke nan, ɗan fari da matar ɗan fari ba a kama sunansu, ba a yaba musu a gaban mutane, ba a ma nuna an damu da su. Ta ce, “Ya ɗauke ki 'ya ke nan, ki gode wa Allah.” Na gode. Har na kira Mama a Zariya na faɗa mata, ita ma ta ji daɗi.

Neman aiki a wannan shekarar sai wanda ya gani. Mutanen da suka yi shekara ashirin a ofis suna bin layi ɗaya da mu. Na tura takardu wurare sun fi ɗari. Wasu su amsa da gajeren imel na ban-haƙuri, mafi yawa ko shi ba sa yi. Ina cikin wannan hali na haɗu da Pei Shan a tashar jirgin ƙasa ta Metro Center.

Pei Shan 'yar ajinmu ce daga Singapore, guntuwa, mai tafiya kamar an biyo ta. Tun kafin mu gama ta samu aiki. Ta ce ƙasarsu ɗan tsibiri ne, ba mai, ba gona, don haka tun daga firamare yaro yake sanin in ya tsaya ɗaure takalmi an wuce shi. Ta ja ni wani shagon shayi kusa da Dupont Circle, ta karɓi CV ɗina ta karanta tana girgiza kai. Inda na rubuta cewa na taimaka wajen nazarin bayanai, ta tambaye ni wa na taimaka wa. Na ce a gaskiya ni na yi aikin, Dakta dubawa ya yi. Ta ce bayanan mutum nawa? Na ce dubu goma sha ɗaya. Ta miƙo min biro ta ce in rubuta hakan, da lambar, da sunan manhajar da na yi amfani da ita, da watannin da na rage wa aikin.

Duk ranar Asabar muka riƙa haɗuwa tana yi min gwajin intabiyu. In na ce “mun yi”, sai ta buga cokali a jikin kofi. In na sunkuyar da kai, ta sake bugawa. Ranar farko har mai shagon ya leƙo ya ga ko lafiya. Ta kuma hana ni zaman jiran talla a intanet. Ta ce aikin da aka manna, sau da yawa an riga an san mai shi, don haka in nemi tsofaffin ɗaliban makarantarmu in roƙi minti ashirin na shan shayi, kada in roƙi aiki, in yi tambaya kawai. Ni da ko gishiri ba na iya roƙa a maƙwabta. Amma kalandar firij ba ta san kunya ba. Na yi. A shayi na bakwai wata mata ta faɗa min cewa ƙungiyarsu ta binciken lafiya za ta nemi mai ƙididdiga, kuma suna nema wa baƙo takardar zama.

Na nema, sau uku suka kira ni intabiyu. Ina tuna shigar da na yi a na ƙarshe: kwat baƙa da dogon siket, farar riga a ciki, ɗankwali ruwan toka da na naɗa ya rufe wuya, da takalmi marar tsini don matakalar tashar Dupont doguwa ce. Anti ta fesa min turarenta na Makka, ta tofa min addu'a a ka, ta sauke ni a tashar Largo. Na kalli mutum huɗu ido cikin ido na ce ni na yi, ni na gyara, ni na gano. Kowace “ni” sai na ji kamar na taka wani, amma na faɗa. Shugabar sashen, wata baturiya mai furfura da tabarau a rataye a wuya, ta raka ni har bakin lifta. Ta ce cikin mutum ɗari biyu da wani abu saura mu biyu, kuma abin da ya rage kawai su kira waɗanda za su ba da shaida a kaina.

Suna uku na bayar. Biyu malamaina ne da suka san ni a aji. Na ukun shi kaɗai ya taɓa ganin aikina da idonsa.

Pei Shan ta ce kada in kuskura in bar mai shaida ya ɗauki waya bai shirya ba. In rubuta masa shafi guda, abin da na yi da abin da nake so ya ambata, in kai masa da hannuna, in zauna mu bi shi layi-layi. Na ce mata ai surukina ne yanzu. Ta ajiye cokalin ta dube ni.

“Mahaifiyata ma in baƙi sun zo cewa take ba ni da amfani,” in ji ta. “Na san so ne. Shi ya sa ban taɓa sa sunanta a takardar neman aiki ba.”

Na yi dariya. Na ce Dakta daban ne, shekararsa talatin yana rubuta wa ɗalibai irin wannan shaida, 'yan Indiya da 'yan Sin da Turawa, duk ya san yadda ake yi. Duk da haka na rubuta shafin, na buga shi, na ninke na sa a jaka. Sau biyu ina zuwa Beltsville da shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon labarai, na shiga kicin na taya Hajiya yanka albasa, na dawo gida da takardata. Ku gaya min, da wane baki 'ya za ta ce wa uban mijinta, ga yabon da nake so ka yi min? A ƙarshe imel na tura masa mai layi biyu, cewa na sa sunansa. Ya amsa da layi ɗaya: “To. Allah ya sa a dace.”

A duk tsawon wannan lokaci Anti Hasiya maganarta ɗaya ce. Rana dai an sa, iyaye sun yarda, me zai hana liman ya ɗaura aure yanzu, mu je kotun Upper Marlboro mu sa hannu, biki ya biyo baya a Yuli? Tunda Khalil ɗan ƙasa ne, auren zai ba ni takardar zama. Ta ce tana ganin yadda nake ramewa, kuma ita ba za ta iya komawa yin sallama a gidan da ba kowa ba. Khalil ma ra'ayinsa ke nan, sai dai shi da wasa yake kawowa.

Na san wata a cikinku za ta ce, to ke mene ne naki na wahala? Zan faɗa muku. A wani taron suna a Bowie na taɓa zama kusa da wasu mata biyu, wata baiwar Allah ta wuce da goyonta, ɗaya ta ce wa ɗayar a hankali, “Ai wannan takarda ta aura.” Shekararta tara da aure, 'ya'yanta uku, amma sunan bai bar ta ba. Ina son Khalil, kuma ina so ranar da za mu yi saɓani na farko, kamar yadda kowane ma'aurata ke yi, kada a samu wannan maganar a ajiye a ɗakin, ko da ba wanda ya furta ta. Ina so in shiga gidansa da katin aikina a jaka.

Ranar Talata kafin Salla imel ɗin ya shigo. Ina tsaye a kicin ina tankaɗe garin masa. Sun gode, sun yaba, sun zaɓi ɗayan. Na karanta sau uku, na goge garin da ya shafi wayar, na ci gaba da tankaɗe har ya ƙare, don ban san me zan yi da hannuwana ba in na tsaya.

Pei Shan ta ce in kira in tambayi dalili, ba kuka, ba roƙo. Washegari na kira. Baturiyar ta ce ba a saba faɗa ba, amma ta ga ina da ƙoƙari. Ta ce in sake tunani a kan mutum na uku kafin in ƙara ba da sunansa a wani wuri. Ba ta ƙara komai ba.

Kwana biyu ina juya maganar. Na ce ko lambar wani suka kira bisa kuskure. Na ce ko ba su same shi ba ne. Ban faɗa wa kowa ba.

Salla ta kama Juma'a, washegarin ranar da Amurkawa ke cin talo-talo. Bayan Idi muka wuce Beltsville. Na sa leshi ruwan ƙwai da Mama ta aiko, na ɗora babbar rigar sanyi a kai, duk kwalliyar ta ɓace a ciki. Gidan cike da ƙamshin soyayyen naman ragon da Khalil ya je wata gona ya yanko da asuba. Ga masa, ga miyar taushe, ga ragowar talo-talon jiya a gefe ba mai kallonsa. Da baƙi suka ragu bayan la'asar, muka rage mu biyar a falo. Ni ina zaune a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya.

Anti ce ta ɗauko zancen. Ta ce wa Dakta ai mutanen nan ba su ɗauki Najiba ba. Na ga kofin shayinsa ya tsaya a hanya. Mamaki ne a fuskarsa, na gaske, ba na yi don a gani ba. Ya ce ikon Allah, ai kuwa sun kira shi, sun fi minti goma suna magana da shugabar sashen.

Khalil ya tambaye shi me ya faɗa mata.

Bai dubi Khalil ba, Anti ya duba, kamar ita ta yi tambayar. Ya ce matar ta tambaye shi ko yarinyar tana cikin waɗanda suka fi kowa a duk waɗanda ya horar. Ya ce mata yara da yawa sun wuce ta hannunsa, kowa da irin baiwarsa, ita ma tana ƙoƙari daidai gwargwado. Ta tambaye shi ko za ta iya riƙe aiki ita kaɗai ba mai duba ta. Ya ce yarinya ce, tana kan koyo, kuma kowane yaro yana bukatar babba a kansa. Ta tambaye shi ko zai sake ɗaukarta in ya samu dama. Ya ce wannan ba shi zai faɗa ba, takardunta suna gabansu, su duba.

“Ka faɗi sunanta?” in ji Khalil. Da Hausa ya yi tambayar, kuma ba ta karkace ba.

Dakta ya juya kofin shayin a hannunsa.

“Minti goma, Baba. Ko sau ɗaya ka faɗi sunanta?”

Hajiya ta ce wa Khalil ya isa haka. Bai isa ba. Ya miƙe ya koma Turanci. Ya ce matar nan ta ajiye waya tana tunanin ko dai shugaban bai tuna yarinyar ba, ko kuma akwai abin da yake ɓoyewa. Ya ce shekara talatin a ƙasar nan, ya san sarai abin da “daidai gwargwado” ke nufi a kunnensu. Ya ce ko wani ɗan Indiya da ya taɓa fasa musu na'ura ma an rubuta masa shafi biyu. Dakta ya ajiye kofin a hankali, ya ce lokacin magariba ya kusa, ya tashi ya shiga ciki. Ni kuwa zanen kafet nake kallo, har yau zan iya zana muku shi.

A waje, a jikin motarsa, cikin sanyin da ke shiga har ƙashi, Khalil ya faɗa min abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce shi bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. “Kai” ne, ko “wancan”, ko “yaron nan”. Ƙannensa mata ana kiransu har da sunan wasa. Ranar da ya karɓi digiri, iyayen abokansa suna rungume 'ya'yansu suna kuka, nasa ya dubi takardar ya ce ba laifi. Ya ce har ya kai shekara goma sha biyar yana zaton ba shi ya haife shi ba. An yi masa bayani daga baya, ya ce ya gane a kai, amma bayanin bai taɓa sauka ƙirjinsa ba.

Ya goge idonsa da bayan hannu, ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. “Barka da shigowa gidanmu, Naj.”

Saura kwana goma sha uku a kalanda.

Ranar Litinin da safe wani asibitin koyarwa da na yi intabiyu da su tun Oktoba suka turo fom. Suna son sunayen masu shaida uku kafin Laraba, kuma sun rubuta a fili cewa ɗaya ya zama shugabana na ƙarshe a wurin aiki. Na ciro shafin nan daga jaka, duk ya yi laushi a wurin ninkin. Ban yi shawara da Anti ba, ban kira Pei Shan ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Greenbelt, na shiga bas zuwa Beltsville.

Ofishinsa yana nan yadda na bar shi, sai dai teburorinmu huɗu an jera kwalaye a kansu. Na yi sallama. A gida durƙusawa nake, a nan kuwa da can kujera nake ja in zauna. Na tsaya a tsakani ban san wacce zan yi ba. Ya nuna min kujerar da hannu, idonsa a kan kwamfuta.

Na ajiye takardar a gabansa. Na ce, “Baba, ka yafe min rashin kunya. Saura min kwana goma.”

Ya sa tabarau ya karanta, a hankali, yadda yake karanta rahoto, yatsa yana bin layi. Da ya kai ƙarshe ya ɗauki jan biro. Na zaci gyara zai yi. Ƙari ya yi. Ya rubuta a ƙasa cewa ni na gano kuskuren da ke cikin bayanan shekara uku, wanda shi da kansa ya sa wa hannu bai gani ba. Ni na ma manta da wannan.

“Duk gaskiya ne,” ya ce. “An ma rage.”

Na ce to in sun kira, ya karanta musu kawai. Ba sai ya ƙara komai nasa ba.

Ya ɗaga takardar. Ya gyara murya, ya fara karantawa da Turancinsa mai tsabta, kamar mai gwaji. Layin farko da sunana ya fara, ya tsallake shi ya ce “ita”. Ya kai layi na uku inda sunan ya sake fitowa, ya tsaya. Na ga leɓensa ya motsa. Dattijo mai furfura, wanda ya yi jawabi a gaban ɗaruruwan masana, yana kokawa da harafi shida. Ya sauke takardar.

Ya ce, yana kallon taga, ranar da matar ta kira ya yi niyyar faɗin komai. Ya buɗe baki sai ya ji kamar mahaifinsa na zaune a ɗakin yana saurare, mutumin da har ya rasu bai taɓa cewa shi Maitama ya yi daidai ba. Ya ce ya ɗauka takarduna sun isa su yi magana da kansu. Ya ce ya yi kuskure, kuma ya sani tun kafin Khalil ya faɗa.

Na ce to ya rubuta, tunda rubutu ya fi sauƙi. Ya jawo fom ɗin asibitin da na haɗo da shi, ya sa yatsa a kan wani layi da ni ban kula da shi ba. An tambayi mai shaida ya faɗi dangantakarsa da mai neman aiki, da ko akwai zumunta a tsakaninsu.

“In na ce ma'aikaciyata ce kawai, na ɓoye gaskiya, kuma ban taɓa sa hannu a kan ɓoyayyar gaskiya ba. In na ce matar ɗana ce, duk abin da na rubuta a sama sun jefar, kuma suna da hujja.” Ya cire tabarau ya murza idonsa. “A cire sunana.”

Na ce in na cire, za su tambaye ni me ya sa wanda na yi wa aiki shekara biyu ba ya cikin masu shaidata.

Ya ce ya sani.

Injin ɗumama ɗaki yana ta ƙara. Can ya ce akwai wata mata da ta yi mataimakiyarsa, ta koma wani wuri tun bara, zai neme ta ko za ta yarda ta tsaya min, sai dai wata huɗu kawai ta yi tare da ni, kuma bai san ko lambarta tana nan ba. Ya ninke shafina ya sa a aljihun gaban rigarsa, bai mayar min ba. Da na miƙe zan fita na durƙusa na yi masa sallama. Ya ce, “Allah ya yi albarka.” Bai ce wa wa ba.

A tashar bas iska tana kwashe busassun ganye tana zubawa a kan takalmina. Na fito da fom ɗin, layi na uku babu komai a kansa. Wayata ta yi ƙara. Lokacin “kin ci abinci” ne, amma ba wannan saƙon ba ne. Khalil ya rubuto doguwar magana, kuma duk da Hausa, wanda ya nuna min ya daɗe yana haɗa ta: “Na je Upper Marlboro na tambayo. In mun je tare gobe, Alhamis an gama. Ba don takarda ba. Don kada ki tafi. Ki ce to kawai.”

Bas ya zo ya buɗe ƙofa, direban ya dube ni, na girgiza kai, ya rufe ya wuce. Na zauna a kan bencin ƙarfe mai sanyi, waya a hannun dama, fom a hannun hagu, ban amsa ko ɗaya ba.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, Baba bai taɓa girmama ni kamar ranar da ya daina kiran sunana ba, kuma a ranar ce na rasa mutum ɗaya tilo a ƙasar nan da zai iya faɗa wa baƙi ko ni wace ce.